Kwanon Ɗanɗano

Shekara ashirin da uku Uwar Kicin ta yi tana dafa wa ma'aikatan kamfanin sabulu abincin rana, kuma ba wanda ya taɓa ganinta zaune da faranti a gabanta. Abin alfaharinta ke nan. In aka tsokane ta a kan ƙiba, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Ni? Sau ɗaya nake ci a rana, shi ma sai na koma gida. Iska ce kawai take kumbura ni." Ba ƙarya take yi ba, iyakar saninta ke nan.

Kicin ɗin dogon ɗaki ne a bayan sito: murhun gas huɗu a jere, manyan tukwane, da taga ɗaya da ake miƙa abinci. Mutum ɗari biyu ke cin girkinta kullum, ba ta kuwa taɓa auna gishiri ba, harshenta ne ma'auni. A can wajen famfo akwai mai wanke-wanke, tsararta, wadda rashin maganarta ya sa ake ce mata Shiru. Shekara goma sha tara Shiru tana kankare tukwanen nan, ko sau ɗaya ba a ba ta ludayi ta riƙe ba.

Gwiwar dama ce ta fara kawo ƙara. Tun Uwar Kicin tana dafa tebur ta tsaya, har ta kai sai ta jingina da bango tana juya miya. Manaja ya kira ta, ya yi ta kwana-kwana cikin ladabi, ƙarshe dai ya ce in tsayuwar ta gagara, dole a nemo wata. Likita kuma ya ce aiki za a yi wa gwiwar, amma ba zai taɓa ta ba sai ta sauke kilo goma sha biyu. Ita ba ciwon ne ya tsorata ta ba. Tunanin wata mace a gaban murhunta ne ya hana ta sukuni.

'Yarta, malamar makaranta, ta zo da dabarar da ta gani a waya. "Umma, cin sau ɗayan nan ne matsalarki. Jiki yana ɗauka yunwa ake, sai ya riƙe kitse. Ki ci kaɗan-kaɗan sau shida, zai dinga ƙonewa." Ta sayo ƙananan robobi shida masu murfi, ta liƙa wa kowanne lokacinsa. Uwar Kicin ta bi doka kamar mai shan magani. Bayan wata ɗaya ta hau sikeli, ya ba ta ƙarin kilo biyu. Ta watsar da robobin ta koma cinta na sau ɗaya, ta ma rage shi rabi. Sikelin ko gezau.

Ta koma wa likita a fusace.

"Mama," in ji shi, "jiki ba ya ƙirga sau nawa kika ci. Ko sau shida ko sau ɗaya, abin da ya shiga gaba ɗaya yake dubawa."

"To ai ba abin da ke shiga, ɗana."

"Mece ce sana'arki?"

"Girki."

"Kina ɗanɗanawa?"

Ta yi masa kallon da ake yi wa yaro. "Haba likita. Ɗanɗano ai ba ci ba ne."

Bai yi gardama ba. Ya ce gobe ta ajiye kwano kusa da murhu, duk abin da ta kai baki ta zuba kwatankwacinsa a ciki.

Ta yi hakan ne don ta ƙaryata shi. Bakin ludayi na miya, da man da ya taso a sama. Tsoka ɗaya don a ji ko nama ya yi laushi, wata daga tukunya ta biyu don ba a yi wa tukwane bambanci. Shinkafa, wake, ɗan ƙanzo. Ƙarfe goma sha ɗaya kwanon ya cika. Kafin a buɗe taga, kwano na biyu ma ya kusa cika. Ta tsaya tana kallonsu, kunya ta kama ta, haushi ya biyo baya. Ashe matar da ba ta cin abinci ta fi kowa a kamfanin yawan ci, a tsaye kawai take yinsa.

Washegari ta daina ɗanɗano. Kwana uku farantai suna dawowa da saura, yau lami, gobe gishiri kamar an yi da gayya. A rana ta huɗu ta waiga wajen famfo.

"Shiru, zo ki ara mini bakinki."

Shiru ta goge hannu, ta kurɓa, ta ce, "Gishiri kaɗan, Yaya." Bayan mako guda maganarta ta ƙaru: albasa ta yi yawa, a rage wutar tukunya ta uku, gindinta na kamawa. Wadda ta shekara goma sha tara tana kankare gindin tukunya ta san laifin kowace wuta, ba a dai taɓa tambayarta ba. Daga "ƙara kaɗan" aka koma "kawo in sa da kaina." Uwar Kicin ta bar ta, hankalinta na kan sikeli.

Sikelin kuwa ya fara sauka. A gida tana cin abincinta yadda ta ga dama, wani lokaci sau biyu, wani lokaci sau uku, bai dame shi ba. Cikin wata shida kilo goma sha uku suka tafi. Aka yi aikin, ya yi kyau, ta yi wata biyu tana koyon tafiya a tsakar gida tana ƙirga ranar komawa.

Ta koma da ƙafarta, ba sanda. Manaja ya tarbe ta da fara'a, ya ce ta zama yarinya. Sai ya nuna mata sabuwar kujera mai hannu da aka ajiye gefen taga. Ba wanda ya kore ta, in ji shi, za ta zauna ta dinga sa ido a kan aiki. A wajen famfo wata baƙuwar mata ce ke wanke-wanke. A gaban murhu kuwa Shiru ce, ludayi a hannu.

Ma'aikata suka yi layi suna yi mata barka. Wani direba, da zuciya ɗaya, ya ce, "Mama, kin iya koyarwa! Wallahi ko kaɗan ba mu ji rashinki ba."

Da layi ya ƙare, Shiru ta zubo abinci a faranti, ta kawo da hannu biyu ta ajiye a gabanta, ta koma gefe ta tsaya.

"Yaya, ki ji mini gishirin."

Uwar Kicin ta kai cokali baki. Ta daɗe tana juya lomar a kan harshe, tana neman laifi da dukan gwanintar shekara ashirin da uku. Ta so ƙwarai ta samu.

"Ya ji," ta ce.