Ranar da Marlis Mai Gayya Ya Ƙi Ashana

A garinmu, can gindin dutsen Marapi, ba a gayyatar namiji biki da fatar baki kawai. Mai gayya zai yi sallama, ya tanƙwashe ƙafa a tabarma, ya tura kwalin sigari gaban maigida. Maigida ya zari kara, shi ma ya zari nasa, su kunna da ashana guda. Sai hayaƙin sigarin nan mai ƙamshin kanumfari ya tashi sannan a faɗi abin da ke tafe da mutum. In ba a yi haka ba, ba a gayyace ka ba, labari kawai ka ji.

Marlis ne mai gayyar unguwarmu tun yana saurayi. Busasshen kifi yake sayarwa a kasuwa, amma wa ya san shi da kifi? Murya aka san shi da ita. In ya buɗe baki yana jero sunayen kakannin amarya, ko maƙiyin gidan sai ya ji kunyar ƙin zuwa. To ku lissafa da kanku: kowane gida kara guda, gari kuma ba ya rabo da aure da suna. Haka ya yi ta yi har furfura ta cika masa kai.

Wata damina muryar ta dishe. Ya ce mura ce. Mura ta wuce, murya ba ta dawo ba. Da ya ga jan abu a kakinsa sai ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe, ya shiga gida yana fito, wai kada matarsa Rosmaniar ta gane. Ita kuwa tuni ta gani a hankicinsa. Ba ta yi masa gardama ba, ta dai tsayar da mota, ta tasa shi gaba sai asibitin birni.

A kan bencin jira ne ya ga abin da ya tsorata shi. Kusa da shi wani mutum ne sa'arsa, da ɗan ƙyalle a wuya. Marlis ya gaishe shi. Mutumin ya motsa baki, babu sauti, sai wata iska da ta ɗaga ƙyallen, ga rami nan a maƙogwaro, baƙi, yana buɗewa yana rufewa. Matar mutumin ce ta amsa gaisuwar, ta ƙara da cewa da can limami ne. Marlis bai san lokacin da ya dafe wuyansa da hannu biyu ba.

Likitar ta zura masa siririn bututu ta hanci, ta daɗe tana kallo.

"Baba, akwai wani farin tabo a inda murya take fita. Bai zama ciwon daji ba tukuna."

"Tukuna?"

"Tukuna. In ka ci gaba da sha, ni ba ni da abin da zan yi maka sai wuƙa."

Wallahi daga ranar bai ƙara kunna kara ba. Kada ku ɗauka jarumta ce, tsoro ne tsagwaronsa. Ya dinga faɗa da kowa har da kajin gida. Rosmaniar ta janye masa nama mai madarar kwakwa, ta koma dafa masa ganyen rogo da kifi, da ruwan citta a kwalba. Da hantsi yakan zaga gonakin shinkafa a ƙafa, yana haki kamar wanda aka koro. A shagon kofi kuwa abokai suka samu abin yi, suna kiransa Uda, wato yaya a bakinmu, matarsa kuma Uni Ros.

"Uda Marlis, an ce yanzu ruwan citta kake sha? Yaushe ka haihu ba mu zo barka ba?"

"Ku bar shi, Uni Ros ce ta riƙe ashanar gidan!"

Ya yi yaƙe ya wuce. Bai gaya wa kowa abin da ya gani a kan benci ba, don ko tunawa ya yi sai ya ji wuyansa na ƙaiƙayi.

Ana haka ƙanwarsa Nurbaiti ta tsayar da ranar auren 'yarta. A wurinmu kawu ne uban biki, ga shi kuma shi ne mai gayya, ina zai gudu? Ya sayi kwalayen sigari, ya sa hula, ya fita. Gidan farko dole na Datuak ne, dattijon da ke riƙe da sarautar zuriyarsu, wanda in bai zauna a biki ba kowa zai ce akwai magana.

Ya zauna, ya tura kwali. Datuak ya zari kara, ya tura masa kwalin. Marlis ya zara, don hannu ya riga ya saba. Tsoho ya ƙyasta ashana, ya kunna nasa, ya miƙo wutar.

Kai jama'a, ƙamshin nan! Yawu ya cika masa baki. Zuƙa ɗaya ce fa, wa ta taɓa kashewa? Ya kai karan leɓe. Sai ya ji wani abu ya tokare masa maƙoshi, daidai inda likita ta nuna, kamar ƙayar kifi. Ya so ya yi gyaran murya, ko sauti bai fita ba. Ya sake, iska kawai. Ya ce a ransa shi ke nan, ta faru, yau ce ranar. Wuta na ta cin ashana har ta kusa yatsan Datuak.

Ya ajiye karan a tabarma.

"Ka yi haƙuri, Datuak," muryar ta fito da ƙyar, 'yar siririya. "Likita ta hana ni. Maƙogwarona..."

"Likita ce ta aiko ka ko Nurbaiti?"

"Nurbaiti ce."

"To a gidan nan ban taɓa shan sigarin gayya ni kaɗai ba. Ubanka ya sha har ya tsufa, me ya same shi? Kunna mu ji abin da ke tafe da kai."

Ya ƙyasta wata. Marlis ya zura wa wutar ido, ya tura hannayensa ƙarƙashin cinya ya danne. Haka ta ci ta mutu. Datuak ya tura masa kwalinsa da bayan hannu, ya juya yana tambayar matarsa ko an ba tsuntsu ruwa.

Datuak bai zo biki ba, dattawa da yawa suka bi bayansa. Nurbaiti ta yi kuka, ta ce ɗan'uwanta ya kunyata ta a kan abin da bai kai tsinke ba, har yau gaisuwarsu sama-sama ce. Ni dai abin ya ƙona min rai, domin mutanen nan da suka ƙi zuwa, da wuƙa ta hau wuyansa su ne za su fara zuwa dubiya da ayaba. Bikin da ya biyo baya wani aka ba gayya, mai huhu sabo.

Marlis na nan, yana sayar da kifinsa. Ya yi ƙiba kaɗan, yana hawa tudun masallaci ba tare da ya tsaya ba, likita ma ta ce tabon bai ƙaru ba. Amma tsoron bai sake shi ba. Kullum in ya farka, kafin ya sauko da ƙafa, sai ya haɗiyi yawu a hankali, sannan ya kira da ƙarfi:

"Ros!"

Ba abin da yake so. Ita ma ta sani. Ko tana bakin murhu, ko tana bayan gida da bokiti a hannu, sai ta saki komai ta ɗaga murya.

"Na ji ka, Uda. Ras na ji ka."