Talle da Saniya Mai Bargo

Talle na Affala bai taɓa mallakar saniya ba sai da gemunsa ya yi fari fat. Ƙuruciyarsa duk a Abijan ta ƙare, yana dako a kasuwa kamar yawancin mazan Adar, kuma abin da ya dawo da shi gida bai wuce rediyo da ciwon baya ba. Ya koma gonar gero. Matarsa Rakiya tana sayen madara wurin Buzaye tana yin cuku, kullum ta zo shanya sai ta ce, "Da dai madarar tamu ce." Shi kuma ya yi kamar bai ji ba, alhali maganar na cin ransa.

Ana nan sai ƙanen Rakiya, Muktari, mai garken shanun madara a bayan garin Tawa, ya ce zai ba shi habbanaye. Aron saniya ke nan: ka riƙe ta, ka sha nono, abin da ta haifa naka ne, uwar kuma ka mayar wa mai ita. In ta mutu a hannunka ba mai cewa ka biya, amma kai ka san da wace fuska za ka sake haɗa ido da mutum.

Cikin sanyi Talle ya je zaɓe. Ga jajayen shanun Azawak a tsaye, gashinsu gajere a kwance, duk sun takure, ana ƙirga haƙarƙarinsu. Can gefe kuwa ga wata baƙa mai tabon fari, ruwa biyu ce, da jinin shanun Turai a jikinta. Gashi ya rufe ta luf, ta yi ɓul-ɓul, ga ciki.

Muktari ya ce, "Yaya, wagga ba ta son rana. Nan cikin rumfa take wuni, ga famfo kusa."

Talle ya ce, "Wa ke son rana duk Adar? Hakanan muke zaune da ita."

Ka ji mutum! Shi a ganinsa gashin nan ƙiba ce, jajayen kuwa yunwa ke damunsu. Muktari ya bar shi da zaɓinsa don girma, sai dai ya ƙara da cewa jan bijimi ne ya hau ta. Rakiya na ganin ta ta sa mata suna Bargo.

Da bazara ta kama, asiri ya tonu. Shanun gari su fita kiwo su dawo abinsu, zufa ta fito musu iska ta busar. Bargo kuwa gashi ya riƙe zafin, sai ta sami gindin aduwa ta tsaya, harshe waje, yawu na zuba, ciki na bugawa kamar zuga-zugin maƙeri. Makiyayin gari ya koro ta har ƙofar gida ya ce shi dai ba da shi ba. Daga ranar Talle ya zama bawanta. Ya kafa mata rumfar kara, ya riƙa jigilar ruwa da jaki daga rijiya, rijiyar da sai hannu ya yi kanta kafin guga ya iso baki.

Wata safiya dabara ta faɗo masa. Kowa a Affala ya san yadda ake sanyaya ruwa: a ɗinke bido, wato jarka, cikin buhun gwado, a jiƙa, a rataye. Sai ya haɗa buhuna, ya jiƙa su sharkaf, ya lulluɓe saniya, ya ɗaure da igiya tamau, ya tafi sassabe yana jin ya gama da matsala. Kafin azahar buhu ya bushe ƙayau, ya zama riga a kan riga. Rakiya ta tarar da ita kwance, wuya a miƙe, ido ya juye. Ta tsinke igiyar da wuƙa, ta juye mata ruwan randa gaba ɗaya, ranar ko na alwala sai da suka roƙa a maƙwabta.

Da ya dawo ta tare shi a zaure. "Haba Malam! Saniya ce ko tulu? Ka so ka kashe mana ita da abin da ke cikinta."

Washegari Talle ya kira Illa wanzami. Illa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tun da ubansa ya miƙa masa zabira bai taɓa yi wa mai ƙafa huɗu aski ba. Amma ya sa almakashi, rabin unguwa na leƙe ta kan darni. Abin ya ɗan yi amfani, da yamma ta ci dusa. Sai dai gashi ba ya jin magana, ya sake tofowa, aka sake kiran Illa, har mutane suka fara ce wa Talle angon Bargo.

Wallahi ya gaji. Bayansa ya hana shi ruku'u, gonarsa ta tsaya rabi. Muktari ya bugo waya ya ce in ta fi ƙarfinsa ya maido ta, wata shekara a ba shi ja. To, wata shekara ga mai furfura? Talle ya ce, "Lahiya lau take." Abu guda ya riƙe a zuciya, shi yake roƙo duk sujada: Allah ya sa abin da ke cikin nan ya biyo uban, ya zo da gajeren gashi, ya iya rana kamar kowa.

Ta haihu da hantsi, hadarin farko na haɗuwa a gabas. Mace ce. Rakiya ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka shigo barka. Talle bai matsa ba sai da uwar ta gama lashe ta, iska ta busar da ita. Sannan ya durƙusa da ƙyar, ya shafa bayan 'yar maraƙar daga wuya zuwa gindin wutsiya. Yatsunsa suka nutse.

Rakiya ta ce, "Malam, wa ta biyo?"

Ya ce, "Uwar."

Uwar dai in an yaye za ta koma Tawa, cikin rumfarta da famfonta. Wannan kuwa tasa ce halak malak, ba inda zai mayar da ita. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce wa masu barka sun gode, ya kwance jaki ya nufi rijiya.