Gwanjon da Ba a Kama Hannu

A tashar Diffa wani mai furfura na zaune bisa buhun tattasai, kwamfuta a cinya, waya a kunne. Hausarsa na fita da karin Barebari.

"Inna, bincike nike yi, yadda za a hana 'yan damfara shiga gwanjon intanet."

Muryar tsohuwa na tsallakowa har inda nike: "Mai saye ba ka ganin idonsa? To hannun wa za a kama a ce an sallama?"

Yana dariya, ya miƙa hannun dama kamar mai sallama ciniki. Ina jin ɗan dillali ne, irin waɗanda suka tashi ana ƙulla ciniki da musabaha a bakin kogin Komadugu. Wayar ta katse, hannunsa kuwa yana nan miƙe, yana jiran hannun wani.