Ranar da Na Ɗauko Gishiri

Duk wanda ya ce maka direban motar kifi shi ke tuƙa motarsa, to bai taɓa shiga ba. Kifin ne ke tuƙa ka. Na yi shekaru ina ɗauko kifin ƙanƙara daga Legas, in sauke rabi a ɗakunan sanyi na Sabon Gari, in wuce da sauran Funtuwa da Gusau. A ƙeyar motar akwai wani ɗan inji mai hura wa kayan sanyi, kuma kunnena ɗaya kullum yana wurinsa. Ina cin abinci ina sauraronsa, ina salla ina sauraronsa, Allah ya yafe mini. In ya yi tari sai in ruga in duba shi. Na taɓa iske wani abokin aikina a gefen hanya injinsa ya mutu, ruwan kifi na ɗiga ta ƙarƙashin ƙofa, ƙudaje sun cika wurin, shi kuwa ƙato da gemunsa yana kuka wiwi. Tun daga ranar na tsani tsayuwa.

Gidanmu yana Samaru, dab da babban titin da ya nufi Funtuwa, can Inna take zaune da ƙanwata. Wato duk tafiya sai na bi ta ƙofar gidan da aka haife ni. Abin da nake yi bai wuce in danna hon in wuce ba. In na yi ƙoƙari ƙwarai, in bar mota a kunne, in ruga ciki, in durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta in gaishe ta. Kafin ta gama tambayar hanya na miƙe. Har ita ma ta saba, ita ce ma take kora ta: "Tashi ka tafi, kada kayan mutane su narke." Hutu kuwa, in an samu, a Legas ake cinye shi, a layin jiran lodi.

Wata rana ana sauke kaya a Sabon Gari sai ga ƙanwata ta biyo ni har bakin ɗakin sanyi, tana toshe hanci da mayafi.

"Yaya, Inna fa ta canja," in ji ta. "Ta daina shiga maƙwabta, ta daina tsintar shinkafa. Akwai abin da ke cinta, kuma ta ƙi gaya mini. Na tabbata kai take jira."

Na ce, "To me ya hana ta aiko a kira ni?"

Ta harare ni. "Kai ma ka san ba za ta aiko ba. Kuma ba maganar tsaye ba ce."

Gaskiyarta. Ni ne ɗan fari, Inna kuwa irin mutanen da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunana, ba ta nuna tana nemana, in muna magana ma gefe take kallo. Tsoro ya kama ni sosai, kada wata rana in danna hon ɗin nan alhali babu mai ji.

Ban yi shawara da kowa ba na ajiye motar sanyi. Wani Alhaji a unguwar Muciya ya ba ni buɗaɗɗiyar tirela ta busassun kaya. Abokaina na tasha suka samu abin yi. Wai na bar aikin manya na koma dako, wai zan tsufa ina hawa kan buhu kamar biri. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don ɗaurin tamfol ya ba ni kashi. Mu da muka saba da rufe ƙofa mu ja sakata, ga ni ina kokawa da igiya, 'yan dako suna ta yi mini dariya.

Lodina na farko gishiri ne, za a kai Gusau. Na tashi daga Sabon Gari da hantsi, na ƙudurta a raina yau sai na zauna da Inna. Abin da ya fara damuna shi ne shiru. Babu gurnanin nan a bayana. Na yi ta waiwaye, jikina yana gaya mini inji ya mutu, kaya na lalacewa. Ƙafata da kanta ta riƙa ƙara wuta. Na shiga Samaru, ga masu keke suna kutsawa, ga ɗalibai suna tsallaka titi kamar na gidansu, ni kuma ina ta masifa ana ɓata mini lokaci. Hannuna ya danna hon daidai ƙofar gidanmu, na wuce abina.

Sai da na kai Shika, wajen asibiti, ina duban rana ina lissafin yadda zafi zai yi kafin azahar, sannan hankalina ya dawo. Gishiri fa na ɗauko! Abin da ake barbaɗa wa kifi don kada ya ruɓe, shi nake gudu da shi. Na gangara gefe na yi dariya har da hawaye, wani mai rake yana kallona kamar na taɓu. Juya tirela a wurin ba wasa ba ne, na sha zagi daga masu motoci, ban ko ji haushi ba.

Na tsaya a ƙofar gida, na kashe mota. Na cire makulli na sa a aljihu, wani sanyi ya ratsa ni tun daga wuya har ƙafa.

Inna tana zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki. Na cire takalmi na durƙusa. Ko gama amsa gaisuwa ba ta yi ba ta ce, "Ban ji kukan motar ba. Tashi maza, kada kayan mutane su narke."

"Gishiri ne, Inna."

"Gishiri?"

"Na bar kifi. Ko kwana na yi a nan ba abin da zai same shi."

Ta aiki ƙanwata ɗebo fura, ko da yake akwai fura a gabanta. Da muka rage mu biyu sai ta ce in matso. Na matsa. Ta ce in ƙara matsowa, in juyo wajen haske. Sai a lokacin na ga farin da ya fara rufe mata ido, na hagun ma ya kusa gamawa.

Na rikice, na hau maganar asibiti, cewa yanar ido ce, ana cire ta, gobe-gobe za mu je. Daga baya mun je ɗin, an kuma dace da ido ɗaya, alhamdu lillahi. Amma a ranar ɗaga mini hannu ta yi in yi shiru.

"Za a je," in ji ta. "Ni dai tsorona kada ya rufe kana ta gudu."

Ta kamo haɓata da hannunta, ta ɗago fuskata, ta zuba mini ido. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta yi haka ba. Ta daɗe tana kallo. Can ta sake ni, ta kawar da kai.

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe har ka yi furfura."