Harsashin da Ya Rage a Bindigar Kofur Sipamla

Shekara ashirin da biyu Mongezi Sipamla ya yi cikin kaki. Ya shiga soja yana ɗan ashirin da huɗu, ya je Burundi sau ɗaya, Kwango sau biyu, ya fito da igiya biyu ta kofur da ciwon gwiwar hagu mai tashi idan sanyi ya shigo. A bataliyarsu an san shi da hannu. Daga mita ɗari uku, yana kwance rub da ciki, da wuya doguwar bindigarsa ta kuskure allon harbi. Da ya yi ritaya ya koma ƙauyensu a gindin duwatsu, bayan Matatiele, ya zuba abin da aka sallame shi da shi a tumaki.

Tumakin sun kai casa'in da biyar kafin ɓarayi su sauko. Wata Talata ce a watan Yuli, tsakiyar sanyi a can, da hantsi, hazo ya rufe dutse. Mutum uku ne a kan dawaki, lulluɓe da barguna, ɗayansu da bindiga. Suka kora talatin da ɗaya yana tsaye yana kallo, sanda kawai a hannunsa. Ya ce wa matarsa Nomvuzo sanyin baɗi ba zai same shi haka ba.

A watan Maris ya je caji ofis neman lasisin ƙaramar bindiga, takardunsa na soja a cikin leda. Ɗan sandan da ke kula da lasisi ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya sara masa, sannan ya ce ba su isa ba. Sai ya kawo takardar shaidar kwas daga makarantar harbi ta farar hula. Akwai kwas na kwana biyu a Kokstad ƙarshen wata. Idan ya ci, akwai yiwuwar lasisi ya fito kafin sanyi. Idan ya wuce shi, sai na watan Yuni, lasisi kuwa sai bayan ƙanƙara ta narke.

Mongezi ya dawo gida yana huci. Ya ce lokacin da yake kwana a rami a Kwango, masu wannan kwas suna makarantar firamare. Nomvuzo ta ajiye masa dafaffiyar masara da wake, ta ce to ya je ya koya musu mana.

Su tara ne a ajin. Mai koyarwar mace ce, Nthabiseng Moloi, ba ta wuce talatin da biyar ba, kuma ba ta taɓa sa kaki ba. A kantin magani ta yi aiki kafin ta kama wannan sana'a. Kusa da Mongezi aka zaunar da wata mai sayar da kaji a tasha, Mama Nokwanda, wadda 'yan fashi suka tare sau biyu a hanyar gida. Tun safiyar farko ta lura ba ya rubuta komai, ta tsokane shi tana kiransa Tata, wato Baba a harshensu.

"Tata Kofur, ko biro ya yi maka nauyi ne? Kawo in riƙe maka."

"Ke dai ki kula da kajinki," in ji shi. "Gobe ki tsaya bayana, kada ƙara ta sa ki suma."

Kashegari aka fita filin harbi, wani tsohon ramin tsakuwa a bayan gari. Allo a mita goma. Mongezi ya kalli tazarar ya yi murmushi. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, a duk shekarunsa na soja bai taɓa harba ƙaramar bindiga ba. Ta hafsoshi ce da 'yan sandan soja. Ya ɗauka dai bindiga bindiga ce.

Aka ba kowa harsashi goma. Nthabiseng ta ce idan ta busa usur kowa ya tsaya, ya sauke bindigarsa, ya nuna mata babu komai ciki. Wannan ma cikin jarrabawa yake. Ya harba bakwai kafin usur. Uku ne suka taɓa takarda, duk can ƙasa ta hagu. Na Mama Nokwanda shida, sun taru wuri guda kamar an jera su da hannu. Ya tsaya yana duban allonsa, bai gane abin da ya faru ba, tafin hannunsa ya jiƙe da zufa.

Sai hannun ya kama aikin da ya saba. Ya zare gidan harsashi. Ya ja saman bindigar baya, ya suɓuce masa a rabi, ya koma, harsashin da ke ciki bai fito ba. Bai leƙa ciki ba. A bariki ba mai bindiga ne ke leƙawa ba: ana tsayawa a layi, saje ya bi ɗaya bayan ɗaya ya duba, ya dafa kafaɗar mutum, sannan a sunkuyar da baki ƙasa a danna kunama don a sassauta ta. Sau dubbai ya yi haka. Ya sunkuyar da bakin, ya ɗan juya dama, ya danna.

Bindigar ta tashi.

Harsashin ya shiga ƙasa taƙi ɗaya daga takalmin Mama Nokwanda. Tsakuwa ta fallatsa mata a ƙafa, wata ta tsaga mata fata a ƙauri. Ba ta yi ihu ba. Ta dubi ramin, ta dubi jinin da ke gangarowa cikin safa, ta zauna a ƙasa a hankali. Babu wanda ya motsa. Nthabiseng ta zo ta gefensa, ta ɗora hannu a kan bindigar, ta karɓe ta. Ta buɗe, ta leƙa, ta sa yatsa ta taɓa ciki, ta ajiye a tebur, sannan ta tafi ga mai ciwon.

Mongezi yana nan tsaye, hannunsa a buɗe yadda aka bar shi. Da ta dawo ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya cire gidan harsashin ai, ta gani.

"Na gani, Tata. Wa ya duba cikin?"

"A wurinmu saje ne ke dubawa."

"A garkenka wane sajen ne zai zo?"

Ta rubuta abin da ya faru a takarda, ta karanta masa, ya sa hannu. Dokar makarantar a fili take: wanda bindiga ta tashi a hannunsa ba da niyya ba ya faɗi.

Mama Nokwanda ce ta roƙar masa, bayan an ɗaure mata ƙafa. Ta ce tsohon nan tumakinsa yake tsaro, ita kuma ba ta mutu ba. Nthabiseng ta ce mai makarantar yana iya yarda a sake gwada shi ranar Litinin, shi kaɗai, idan ta nema.

Mongezi ya juya ga Nthabiseng. Ya ce kada ta nema. Ya ce kwana biyu ba za su cire abin da shekara ashirin da biyu suka dasa ba, kuma a gida jikokinsa ne ke yawo a tsakar gida. Ya tambaya ko akwai ajin 'yan koyo, na waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba. Ta ce akwai, duk Asabar, mako shida. Ya ce ta rubuta sunansa.

Lasisi bai fito ba a sanyin nan. A watan Mayu ya sayar da tumaki ashirin, ya kora sauran zuwa garken surukinsa a kwari, kusa da titi, inda ciyawa ba ta da kyau amma mahaya ba sa isowa. Bakwai suka mutu kafin bazara.