Mun Ba da Gajere, Mun Karɓi Dogo

Ni dai ban taɓa jefa ƙwallo a kwando ba, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Karatuna ma bai wuce na gane lambar mota ba. Abin da na sani shi ne rago. Na daɗe ina dillanci a kasuwar dabbobi ta Makka, inda ake sauke ragunan Sawakin ta Sudan suna tangaɗi don wahalar teku, har gwiwa ta ce ta gaji da ni. Da na bar kasuwa sai na rasa wurin zama, don mata ba sa son ganin namiji a gida da rana. Shi ya kai ni wani ƙaramin kulob na ƙwallon kwando a bayan unguwar Shisha. Akwai mukayyif mai sanyaya ɗaki, akwai shayi kyauta, shugaban kulob ɗin kuma ɗan aminina ne, kunya ba za ta bar shi ya kore ni ba. Na naɗa kaina mai ba da shawara. Tunda ba wanda ya naɗa ni, ba wanda ya isa ya sauke ni.

Shugaban nan haifaffen Makka ne, turare yake sayarwa a unguwar Aziziyya, Hausarsa tana ɗingishi sai ta dogara da Larabci. Kocinmu Bamisire ne mai tumbi da usur. Cikin 'yan wasan kuwa akwai wanda muke kira gajere, ko da yake in ina masa magana sai na ɗaga kai. Ya daɗe da mu, gashi ya fara gudu daga goshinsa, yana da mata da 'ya'ya. Ba ya burge kowa, amma in aka ba shi ƙwallo ba ta ɓata.

Wata rana wani kulob na Jidda ya zo wasa. A ƙarshen bencinsu na hango wani saurayi a zaune, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Sai da wasa ya kusa tashi aka saka shi. Ya jefa bai ci ba, ya sake jefawa bai ci ba, 'yan kallo na yi masa ihu. Amma akwai lokacin da ƙwallo ta daki ƙarfen kwando ta yi sama, kowa ya yi tsalle, shi kuwa hannu kawai ya miƙa ya ɗauke ta kamar mai ɗaukar kwano a kan kanta. Na dubi kafaɗarsa, na dubi ƙwaurinsa, na dubi wuyan hannunsa. Gabana ya faɗi, irin faɗuwar da yake yi a kasuwa in na ga abin da mai shi bai san yana da shi ba.

Washegari na tare shugaba da koci.

"Ku saurara in ba ku ilimin da ba a koyarwa a jami'a," na ce. "Wawa ne ke sayen ƙiba. Ƙiba ta mai rago ce, ya riga ya ci ribarsa. Mai ido ƙashi yake saye, ya kai gida ya yi kiwo."

"Ya ammi, mutum ne fa, ba harufi ba," in ji shugaba, wai shi rago. Ammi kuwa kawu ke nan.

Koci ya ce da Larabcinsa mai sauri, in har tsawon nan na da amfani, me ya sa mutanen Jidda suka ajiye shi a benci? Ya ji labari yaron ɓacewa yake yi daga horo, a neme shi a rasa.

"In ya ɓace ina yake zuwa?" na tambaya.

"Nan Makka."

"To ka ga! Ɗan Shisha ne, na san ubansa. Kewar gida ce ke cin sa, ga abincin kanti. Ku dawo da shi kusa da tuwon uwarsa. Wanda ke gida ina zai ɓace ya je?"

Har yau in na tuna maganar nan ina jin daɗin yadda ta fito. An tsara ta da kyau.

Mutanen Jidda ba su ja ciniki ba, abin da ya kamata ya tsorata kowane dillali. Suka ce a ba su gajere su ba da dogo. Ranar da gajere ya zo kwashe kayansa ya same ni a kan kujerata. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, sannan ya ce, "Baba, an ce kai ka yi dillancin. Ina fata dai na yi daraja."

"Ka yi," na ce. "Har da igiya aka haɗa."

Bai yi dariya ba. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Makonnin farko na dogo, wallahi na yi tafiya kamar mai sabuwar riga. Ya ci, ya yi barci, fuska ta ciko. A horo in ya tsaya ƙarƙashin kwando sai ka ce an rufe rijiya. Akwai yammacin da ya karɓi ƙwallo daga tsakiyar fili, ya yi taku kaɗan, ya dunƙula ta a kwando har allon ya yi ta rawa. Koci ya manta usur na bakinsa, ya hura shi ba dalili. Ya juyo ya dube ni, ni kuma na dubi silin, don bai kamata babba ya yi fariya ba.

Sai aka buɗe umara.

Dogo ya fara zuwa a makare, ido ja, ƙafa kamar an ɗaura mata bulo. Tsallen ya ragu. A wasa sai ka ga ƙwallo ta wuce ta gabansa yana kallon ta kamar motar da ba tasa ba. Ba ya ɓacewa kam, nan na cika alkawari, kullum yana nan. Gangar jikin ce kawai ke zuwa. Wata rana na kama hannunsa na juya, sai na ga kanta a gindin tafin, ba a kan yatsu ba inda ƙwallo ke ci.

"Wannan fa?"

"Arabiyya, ya ammi," ya ce. Keken da ake tura tsofaffi a ɗawafi ke nan.

"Kai da ake biya ka yi tsalle?"

"Baƙin baba ne."

Na je gidan da hantsi. Na san shi tun da daɗewa, amma na jima ban shiga ba. Takalma ne tuli a bakin ƙofa, kekuna a ninke an jingina su da bango. A falo tsofaffi ne maza da mata, wasu a kwance, wasu na jan carbi, duk daga garin da kakan yaron ya baro can ƙasar Hausa. Al'adar gidan ke nan tun zamanin da ake zuwa a ƙafa: duk wanda ya zo daga garin nan, nan zai sauka, kuma in ba ya iya tafiya ɗan gidan ne zai kai shi ɗawafi da Safa da Marwa, ba a karɓar ko sisi. A da sau ɗaya ne a shekara. Yanzu jirgi ya sa umara ba ta yankewa, wannan na tafiya wancan na sauka. Uban ne ke yi, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Sauran 'ya'yan mata ne. Lokacin da yaron ke Jidda, nisa na kare shi, sai abu ya yi tsanani ake kiran sa. Mu kuwa mun ɗauko shi mun ajiye a bakin ƙofa.

Ina tsaye wata tsohuwa ta ɗaga murya, "Ina mijin nawa? Yau ba za ka kai ni ɗakin Allah ba, ko ka yi sabuwa?"

Dogo ya naɗe tsawonsa ya durƙusa. "Hajiya, in na yi sabuwa wa zai ba ni ƙuli-ƙuli?"

Ya ɗauke ta cak ya ɗora a keke.

Na shiga wurin uban. Yana kwance, baki ya karkace, amma ido na nan da kaifinsa. Na gyara murya na kawo maganar yadda ake kawo ta a kasuwa, ta nesa. Na ce Allah ya ba gidan nan dukiya mai ƙafa biyu, kuma dukiya tana son hutu. Na ce akwai masu tura keke na haya birjik a Harami, shugaba ma ya ce zai biya.

Ya daɗe yana tattara kalmomin.

"Bare ya tura baƙona? A koma gida a ce gidan wane an fara haya?"

"Alhaji, zamani ne."

"Shekarar da kuka iso ta Sudan," ya ce, "uwarka ƙafarta ta kumbura. Wa ya goye ta a ɗawafi?"

Shi ne. Yana saurayi a lokacin, ni ina biye da su riƙe da takalmanta. Na sha shayin da aka kawo mini, na yi masa addu'ar samun sauƙi, na fito.

Kakar wasa ta ƙare muna can ƙasa. Gajere kuma, na ji labari, bai samu shiga ba a Jidda, ya zauna a bencin da dogo ya bari, daga baya ya ajiye ƙwallo ya kama tuƙin tasi. Koci ya kira dogo a gabana ya yi masa magana ba zagaye. Za a yi sansanin horo a Ɗa'if, garin nan na saman duwatsu, zai ratsa kwanakin aikin Hajji. In ya zauna har ƙarshe, za a sabunta kwantiraginsa. In ya bar wurin, shi ke nan, kuma ya sani ba kulob ɗin da zai ɗauki wanda aka yar sau biyu.

Ni da kaina na raka shi mota.

"Ya walad, kai yaro," na ce, "in na ji ƙamshinka a Makka kafin Sallah, zan sa a yanka ka hadaya. Tsawonka ya isa mutum bakwai."

Ya yi murmushi. "Ina son ƙwallon nan, ya ammi. Wallahi ina so."

"To zauna a kan dutse ka sha iska."

Ya zauna, har ana gobe Arfa. Da aka tashi horon safe ba a gan shi ba.

Sauran labarin a bakin baƙin na ji shi, suna ba ni suna sa masa albarka. Motarsu ta maƙale a Muzdalifa cikin cunkoso, rana ta fito ba ta motsa ba. Sai ya riƙa tura su zuwa Mina ɗaya bayan ɗaya, ya kai wannan ya dawo a guje da keke ya ɗauki wancan. Daga nan wurin jifa, daga nan ɗawafi a saman bene, inda zagaye ɗaya ya fi na ƙasa nisa ba kaɗan ba. Wani tsoho ya ce mini tun a Mina ya lura yaron na jan ƙafa, ya tofa masa addu'a a gwiwar.

Bayan Sallah dogo ya zo kulob da kansa, ba wanda ya kira shi. Ya saka takalmi ya tsaya a gaban koci, ya ce a gwada shi. Koci ya dubi shugaba, shugaba ya dubi ƙasa. Aka jefa masa ƙwallo. Ya ruga, ya tashi sama, kuma na rantse ya kai inda yake kaiwa a da. Saukowar ce. Na ji ƙarar daga kujerata, kamar an karya ɗanyen kara. Bai yi ihu ba, ya dai kwanta ya rufe fuska da hannu.

Likita ya ce jijiyar gwiwa ta tsinke, dama ta riga ta ci wuya. Kulob ya biya kuɗin aikin, wannan kam ba zan ci haƙƙin shugaba ba, sannan aka sallame shi.

Na je duba shi bayan an sallamo shi daga asibiti. An sa masa katifa a ɗakin uban, ƙafar a miƙe cikin ƙarfe, ta zarce katifar har an tara mata matashi. Alhazai sun tafi, gidan shiru. Na zauna tsakaninsu, na fara shirya wata magana ta ban dariya a kan gidan da ya tara kwance biyu, amma ta ƙi fitowa.

"Ya ammi," in ji dogo, "kai ka ji abin da likita ya faɗa wa shugaba. Wata nawa?"

"Kafin ka koma fili? Ya ce in ka yi haƙuri, ka bi gashin ƙafar yadda ya kamata..."

"A'a. Kafin in iya turawa."

Na dubi uban. Idonsa a rufe, amma na san ba barci yake ba.

"Ban tambaye shi wannan ba," na ce.

"Ka tambayar mini," in ji dogo. "An bugo waya jiya. Masu umarar Maulidi sun fara yankan tikiti."