Dutsen da na ɗora wa kwamfutar buro

Ranar da aka taso tun daga Maraɗi za a kore ni daga aiki saboda ɗan dutse, wannan rana kam sai dai a rufe ni da ita. An kwana biyu, amma har yau tana nan a raina kamar jiya.

Lokacin ban daɗe da gama karatu na bar lakol ba, na samu aiki a wata ƙungiya mai taimaka wa mutanen ƙauye su yi wa ƴaƴansu takardar haihuwa. Ni kaɗai ce a ƙaramin buronmu, wato ofishinmu, na Cadawa, sai kwamfuta ɗaya. Duk kwamfutocin ƙungiyar daga babban buro na Maraɗi ake juya su. Akwai wata manhaja da ke aiko musu da doka ta rezo, hanyar intanet ke nan, ta kuma kai rahoton wadda ta bi da wadda ta ƙi. Rannan aka aiko da sabuwar doka don tattalin kuran, wato wutar lantarki: da lokacin tashi ya yi, duk kwamfutar da aka yi minti biyu ba a taɓa ba sai ta yi barci. An kulle wurin canzawa. Tawa kuwa in ta yi barci rezo ya katse, duk abin da na cika ya goge.

Su a can sun ɗauka wanda bai taɓa kwamfuta ba zaman banza yake yi. Ba su san rabin aikina saurare ba ne. Mutanenmu ranar kasuwa suke zuwa, kuma sai bayan la'asar, sun gama cin kasuwarsu, lokacin tashi ya riga ya wuce. Ba mai zo maka da kwanan wata a baki, sai kun zauna kun lalubo shi tare.

Wata tsohuwa ce daga wajen Gangara ta sa na yi abin da na yi. Jikarta za ta zauna jarrabawa, an ce ba za a rubuta sunanta ba sai da takarda. Na ce, "Iya, yaushe aka haife ta?" Ta ce, "Shekarar da ruwa ya ci muna rumbu, ɗiyata. A'a, tsaya, wancan yayanta ne. Ita ana cirar gyaɗa anka haihe ta." Muna cikin haka fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Muka sake, ta sake. A karo na uku tsohuwar ta leƙo ta ce, "Wanga abu naki ya hi ni gajiya? Ni da na taho tun da sahe ko gyangyaɗi ban yi ba!" Ga motar garinsu na shirin tashi. Na fita bakin ƙofa na tsinto dutse, na ɗora a kan wani maɓalli da ba ya rubuta komai. Kwamfuta ba ta ƙara rufe ido ba. Tun daga ranar, kowace kasuwa haka nake yi.

Ban san manhajar tana kai tsegumina ba. Wata ranar kasuwa bayan la'asar sai ga shugabanmu da muke ce wa shef da teknisiyan mai kula da kwamfutoci sun sauko daga mota. Shef ya shimfiɗa takarda a tebur, kwamfutocin kowa da kore, tawa ita kaɗai da ja. Ya ce, "Madmazel, fim kike kallo da kuran ɗin ƙungiya in an tashi, ko?" Ya miƙo wata takardar da aka riga aka rubuta cewa na amsa laifin. Ko in sa hannu, ko in ba da makulli.

Wannan ne aikina na farko, kuma ban taɓa mayar wa babba magana ba. Na ɗauki biro har na ɗora a takardar. Sai na ji ba zan iya ba. Na ajiye na ce, "Ranka ya daɗe, doka kam na karya ta. Ga dutsen, ni na ɗora shi da hannuna. A rubuta haka in sa hannu yanzu. Amma fim ban kalla ba, kuma ba zan sa hannu a kan ƙarya ba." Muryata na rawa, amma ban yi shiru ba. Na juya ga teknisiyan na ce, "Mushe, kai ka tsara dokar. Ga kujera, yi wa mutum ɗaya kawai, sai in ba da makullin."

Na ɗauke dutsen, teknisiyan ya zauna yana murmushi. Wani dattijo ne a kan layi, ya zo da maganar ɗiyar ƙanensa. Kafin ya gama tantance ko kafin babbar salla aka haife ta ko bayanta, kwamfuta ta yi barci. Aka sake, ta sake. Dattijon ya gyara rawaninsa ya ce, "Malam, ba yarinyar wurinta mana. Ita dai ta san maganin abin." Mutanen da ke kan benci suka kwashe da dariya. Shef bai yi ba.

Ba a kore ni ba, amma ba a yafe mini ba. Shef ya rubuta mini gargaɗi, cewa na saɓa doka kuma na yi wa na gaba da ni tsaurin ido. Wannan na sa masa hannu, don gaskiya ne. Bayan sati ɗaya teknisiyan ya cire kwamfutata daga cikin dokar, ko waya bai yi mini ba. Har yanzu in na ji mota ta tsaya a ƙofar buro gabana sai ya faɗi.

Abin da na koya shi ne, tsoro ba ya hana mutum tsayawa a kan gaskiyarsa, sai dai ya sa murya rawa. Laifin da na yi zan ɗauka ko a gaban wa. Wanda ban yi ba kuwa, mai shi ya nemi wani kan ya ɗora wa.